ZAUREN IYALI: Ɗanmu Yana So Ya Karanta Aikin Ɗan Sanda

 

Cikin wasiƙun da suka iso mana wannan wata akwai ta wata uwa daga kudancin Kaduna. Ta roƙa kada a buga sunanta, mun kuwa yarda. Ga abin da ta ce a taƙaice:

"Baba, ɗanmu na fari yana ajin ƙarshe a sakandare. Yaro ne mai ƙoƙari. Muna sa rai zai zama likita ko lauya. Sai ga shi ya zo ya ce shi karatun sanin laifuffuka yake so ya yi a jami'a, daga baya kuma ya shiga aikin ɗan sanda. Mahaifinsa dattijo ne a ekklesiya. Da ya ji haka ya tsame hannunsa daga tuwo, ya ce muddin yana da rai ɗansa ba zai tsaya a bakin hanya yana miƙa wa direbobi hannu ba. Yau mako uku ke nan ba su zauna a tabarma ɗaya ba. Lokacin cika takardar JAMB kuma yana matsowa. Ni ban san ko wane irin karatu ne wannan ba. Ina tsakiya. Me zan yi?"

'Yar'uwa, na gode da wasiƙarki. Zan amsa miki a fili, gama na san akwai gidaje da yawa da wannan magana ta shiga. Ki yi haƙuri, amsar tana da ɗan tsawo.

ABIN DA MAIGIDANKI YAKE TSORO

Da farko, kada ki ga laifin maigidanki. Abin da idonsa ya gani yake faɗi. Ni ma na ga nawa.

Shekarun baya, a wani gari da na zauna, aka sace injin wuta na majami'armu da dare. Da safe muka kai ƙara caji ofis. Kafin rana ta take aka zo aka tafi da maigadinmu, wani dattijo mai 'ya'ya shida. Ba wanda ya dubi sawun da ke bayan katanga. Ba wanda ya tambayi maƙwabta ko sun ji ƙarar mota. A rana ta uku aka aiko mana cewa ya amsa laifinsa. Da muka je ganinsa, ba ya iya ɗaga hannunsa na dama. Ina jin kunyar faɗi, amma mu ma mun gaskata, har mun fara neman sabon maigadi.

Bayan wata biyu aka kama waɗansu samari a wani gari da kayan sata, ga injinmu a ciki, da sunan majami'a da muka rubuta da fenti. Samarin nan ko sanin maigadin ba su yi ba. Na je gidansa na ce, "Baba, don me ka amsa abin da ba ka yi ba?" Ya ce, "Malam, a ɗakin nan, ko cewa suka yi ni na sace wata daga sama, da na amsa."

Wannan rashin yarda tsakanin jama'a da 'yan sanda ba jiya ya fara ba. A 1861 Turawa suka kafa 'yan tsaro mutum 30 a Legas, ba da daɗewa ba kuma rundunar ta girma aka riƙa kiranta da sunan Hausawa, domin yawancin mutanenta masu jin Hausa ne. Aikinsu shi ne tsare Bature da mulkinsa da cinikinsa. A 1930 aka haɗa rundunar Arewa da ta Kudu suka zama 'yan sandan Nijeriya. A ƙasar Arewa kuma akwai dogarai da 'yan doka na En'e, waɗanda kakanninmu suka fi sani wajen karɓar haraji. Watau tun asali an horar da mai kaki ya dubi na sama da shi, talaka kuwa ya kauce masa. Ragowar wannan hali tana nan. Shi ya sa a watan Oktoba na 2020 matasa suka cika tituna suna kuka da rundunar SARS, har gwamnati ta rushe ta.

To, ki riƙe labarin maigadin nan a zuciyarki, gama za mu komo kansa.

WANE IRIN KARATU NE?

Turawa suna kiransa kiriminoloji. Da Hausa sai mu ce ilmin sanin laifuffuka. Ba faretin soja ake koya a cikinsa ba, ba kuma harbin bindiga ba. Karatun aji ne na shekara 4, ɗan'uwan ilmin zaman jama'a, kuma tambayoyinsa su ne waɗannan: Me yake sa mutum ya yi laifi? Me ya sa sata ta yi yawa a wannan unguwa, ta yi kaɗan a waccan? Wane irin horo ne yake gyara mai laifi, wane iri ne yake ƙara lalata shi? Yaya za a taimaki wanda aka cuta?

Ɗalibi zai karanta dokar laifuffuka, irin su kundin Final Kod da Arewa take aiki da shi tun 1960. Zai karanta halayyar ɗan adam, da sha'anin kotu da gidan yari, da laifuffukan yara ƙanana, da dabarun bincike. Zai kuma yi lissafi, gama ƙidaya tana da babban wuri a wannan ilmi. Yaron da yake gudun lissafi kada ya ce ya sami mafaka.

Domin ki gane amfanin abin, bari in ba ki darussa uku daga cikin waɗanda ake koya musu.

Na fari. A 1764 wani mutumin Milan a ƙasar Italiya, Cesare Beccaria, ya rubuta ɗan ƙaramin littafi a kan laifi da horo. A zamaninsa azabtar da wanda ake tuhuma abu ne da doka ta yarda da shi. Shi kuwa ya nuna cewa azaba tana auna ƙarfin jiki ne kawai. Ɓarawo mai taurin rai zai daure a sake shi, marar laifi mai rauni zai amsa a hukunta shi. Ya kuma koyar da cewa abin da yake hana mutum laifi shi ne ya tabbata za a kama shi a hukunta shi ba tare da jinkiri ba, ko da hukuncin bai yi tsanani ba. Binciken masana na baya ya goyi bayansa a wannan.

Na biyu. Kusa da birnin Lesta a Ingila aka kashe 'yan mata biyu, ɗaya a 1983, ɗaya a 1986. 'Yan sanda suka kama wani saurayi ɗan shekara 17, ya kuwa amsa cewa shi ya kashe ta biyun. A jami'ar garin akwai wani masani, Alec Jeffreys, wanda a 1984 ya gano yadda za a bambanta mutum da mutum ta ƙwayoyin halittar da ke cikin jini, abin da ake kira DNA. Aka kai masa abin da aka samu a jikin gawawwakin domin ya tabbatar da laifin saurayin. Gwaji ya nuna mutum ɗaya ne ya kashe su duka biyu, kuma ba saurayin nan ba ne. Aka sake shi. Aka gwada jinin maza wajen 5,000 na ƙauyukan wurin, aka kama mai laifin na ainihi a 1987, aka yanke masa hukunci a 1988. Kin ga, aikin farko da wannan ilmi ya yi a shari'ar kisa shi ne kuɓutar da wanda ya amsa laifin da bai yi ba. Da ɗan sandan da ya tafi da maigadinmu ya san wannan labari, ya kuma ɗauke shi da gaske, da ya zagaya bayan katanga ya dubi sawu tukuna.

Na uku. Kakanninmu sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Masana biyu na Amurka, Cohen da Felson, sun faɗi kusan haka a 1979: laifi yakan auku ne sa'ad da abu uku suka haɗu, mai niyyar ɓarna, da abin da ya ja idonsa, da rashin mai lura. A 1989 kuma aka buga wani bincike na birnin Miniyafolis, inda aka ƙidaya kiran da mutane suka yi wa 'yan sanda cikin shekara guda. Aka tarar wajen rabin kiran duka daga wurare 3 cikin 100 na birnin suka fito. Ma'anarsa, wanda ya iya ƙidaya ya san inda zai sa fitila da inda zai tsayar da mai sintiri, ba sai ya kwashe samarin unguwa duka ya zuba a mota ba. Rigakafi ya fi magani.

Ban da waɗannan, ɗalibi zai san abin da dokar ƙasarmu ta ce, abin da yawancinmu ba mu sani ba. Tsarin Mulki na 1999 ya ce wanda aka kama a kai shi gaban alƙali cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tsakanin kilomita 40, sai dai a manyan laifuffuka irin na kisa. Dokar 2017 ta haramta azabtarwa, ta sa hukunci a kan jami'in da ya yi ta. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, wadda ta maye gurbin ta 1943, ta hana a kama uwa ko mata ko ƙane a madadin wanda ake nema, ta kuma hana a kama mutum saboda bashi ko saɓa alkawarin ciniki kawai. Beli a caji ofis kyauta ne bisa ga doka. Dokokin suna nan a rubuce. Masu riƙe su da gaskiya ne suka yi kaɗan.

HANYOYI UKU

Yanzu ga inda yara da yawa suke ruɗewa, ina so ɗanki ya karanta wannan sashi sau biyu. Digirin sanin laifuffuka dabam, shiga aikin ɗan sanda dabam. Jami'a tana ba da takarda, ba ta ba da kaki. Hanyoyin uku ne.

Hanya ta fari ita ce Makarantar Hafsoshin 'Yan Sanda da ke Wudil a Jihar Kano, a kan hanyar Maiduguri. An kafa ta a 1988, ta koma mazauninta na Wudil a 1996, daga baya aka ɗaga ta zuwa matsayin jami'a. Ɗalibanta na farko masu neman digiri sun shiga a 2013, suka fita a ƙarshen 2018. Karatun shekara 5 ne, ana haɗa na aji da horon aiki. Wanda ya gama yana fita da digiri da kuma muƙamin ASP, watau mataimakin sufuritanda. Ana karanta fannoni iri iri a can, kamar lauya, da ilmin zaman jama'a, da halayyar ɗan adam, da kwamfuta, da kimiyyar binciken shaida. Ana shiga ta jarrabawar JAMB, sa'an nan makarantar ta yi nata gwaji na ilmi da lafiya da tsawon jiki. Ana ɗaukar maza da mata 'yan shekara 17 zuwa 22 daga kowace jiha. Masu nema suna da yawa ƙwarai, gurabe kuwa kaɗan ne. Amma idan kakin hafsa ne yaron yake so, wannan ce hanya mafi miƙewa.

Hanya ta biyu ita ce ya karanta sanin laifuffuka da sha'anin tsaro a jami'a irin ta kowa. Ana koyar da shi a Jami'ar Jos, inda Farfesa Etannibi Alemika ya yi suna a kan binciken 'yan sanda da gidajen yari. Ana koyar da shi a Jami'ar Tarayya ta Dutse, da Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa wadda ake kira NOUN, da waɗansu kuma. Littafin jagora na JAMB yana nuna jami'o'in da darussan da kowace take bukata. Yawanci ana neman kiredit 5, da Turanci da Lissafi a ciki. Bayan digiri da bautar ƙasa sai ya jira a yi shelar ɗaukar ma'aikata, ya nema tare da dubban masu digirin tarihi da tattalin arziki da sauransu. Ba kowace shekara 'yan sanda suke ɗaukar masu digiri daga waje a matsayin hafsa ba. Wannan gaskiya ce mai ɗaci, gara ya ji ta yanzu.

Amma wannan hanya tana da ƙofofi fiye da ɗaya. Akwai hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wadda aka kafa a 1989. Akwai ICPC ta 2000 da EFCC ta 2003, masu binciken cin hanci da zamba. Akwai NAPTIP ta 2003 mai yaƙi da fataucin mutane, da Sibil Difens, da Kwastan, da hukumar shige da fice. Akwai gidajen yari, waɗanda dokar 2019 ta sake musu suna suka zama gidajen gyaran hali, ta kuma buɗe hanyar horo a waje, kamar aikin gayya ga jama'a da sa ido a kan mai ƙaramin laifi yana gidansa. Wajen mutum biyu cikin uku na waɗanda ke tsare a gidajen nan jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba tukuna. Wurin yana kukan neman masu ilmi da tausayi. Bankuna da manyan kamfanoni su ma suna ɗaukar masu binciken zamba, musamman wanda ya haɗa da sanin kwamfuta. Akwai kuma koyarwa da bincike ga wanda ya ci gaba da karatu.

Hanya ta uku ita ce shiga a matsayin kurtu da takardar sakandare, a yi horo na watanni a kwalejin 'yan sanda irin ta Kaduna ko Maiduguri, sa'an nan mutum ya riƙa karatu yana aiki. Ma'aikata da yawa sun yi digiri ta NOUN a haka. Hanya ce mai daraja ga wanda gidansu ba hali, amma hawanta a hankali ne, kuma kurtu ne aka fi turawa shingen hanyar da maigidanki yake magana.

Ki lura da wani abu. Nuhu Ribadu, shugaban EFCC na farko, ɗan sanda ne, lauya kuwa ya karanta a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Solomon Arase, wanda ya zama Sufeto Janar a 2015, kimiyyar siyasa ya fara karantawa a wannan jami'a, daga baya ya ƙara da lauya. Saboda haka burin mahaifi na lauya da burin yaro na ɗan sanda suna iya tafiya a hanya ɗaya. Wataƙila a nan ne sulhun gidanku yake.

Gargaɗi ɗaya kuma. Neman shiga aikin ɗan sanda ba a sayensa. Duk wanda ya zo muku da cewa yana da hanya, ku kawo dubu kaza, ɗan damfara ne, ko kuwa mai sayar da abin da ba nasa ba. Yaron da aka saya wa kaki da toshiyar baki, da wane baki za a ce masa kada ya karɓa?

TSADAR AIKIN

Ba zan ɓoye miki wahalar ba, gama ranar wanka ba a ɓoyon cibi. 'Yan sandan Nijeriya ba su kai 400,000 ba, mutanen ƙasa kuwa sun wuce miliyan 200. Aiki ya fi ƙarfin masu yinsa. Akwai hatsari na gaske. A watan Yuni na 2011 aka tayar da bam a hedkwatarsu ta Abuja. Ran 20 ga Janairu 2012 aka kai wa ofisoshinsu hari a Kano, mutane fiye da 150 suka mutu. Matan 'yan sanda da yawa sun zama gwauraye a shekarun nan.

Albashi ba ya isa yadda ya kamata, gidajen bariki da yawa sun lalace. Ana iya tura mutum kowace jiha, nesa da iyaye da ekklesiyarsa, ranar Lahadi da ranar Kirsimati kuma sau da yawa yana bakin aiki. Bayan shekara 35 na aiki, ko cika shekara 60 da haihuwa, sai ritaya, kuma a 2025 tsofaffin 'yan sanda sun fito zanga-zanga a Abuja saboda ƙarancin fansho.

Mafi nauyi duka shi ne jarabar yau da gobe. Ba a rana ɗaya mutum yake lalacewa ba. Yau wani ya ba shi na goro domin ya gode. Gobe abokan aiki su raba abin da aka tara, su ajiye masa kasonsa. Idan ya ƙi, su ce yana nuna ya fi kowa tsarki, wataƙila a tura shi inda ba wanda yake so. Digiri ba ya maganin wannan. Ilmi yana koya wa mutum yadda zai gano gaskiya, amma ƙin sayar da ita daga gida ake koyonsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

MAGANA GA MAHAIFI

Ɗan'uwa dattijo, na san wannan shafi zai iso hannunka, ka yarda mini in yi maka magana kai tsaye. Ka san labarin da ke cikin Luka sura 3, sa'ad da sojoji suka zo wurin Yohanna Mai Baftisma suna tambaya abin da za su yi. Su ne masu tsaron doka na zamanin, sunansu kuwa bai fi na namu kyau ba. Yohanna bai umarce su su tuɓe kayan aiki su koma gona ba. Abu uku ya ja musu kunne a kai: ƙwace, da ƙarar ƙarya, da rashin gamsuwa da albashi. Ka duba, su ne cututtukan nan uku da kake tsoro. Ya ga aikin yana gyaruwa idan mutumin ya gyaru.

Sa'an nan ka yi tunani a kan wannan. Kowannenmu yana kuka da 'yan sanda. Amma idan kowane gida mai tarbiyya ya hana ɗansa mai ƙoƙari shiga, ya tura shi likita da injiniya, wa ya rage ya sa kakin? Ranar da aka kama maigadinmu na tsaya a gaban kanta ina duban fuskoki, ina neman mutum ɗaya da zai saurare ni. A ranar ban bukaci likita ba. Mutum ɗaya nake nema mai ilmi da tsoron Allah a bayan kantan nan. Wani gida ne zai haife shi, ya yi renonsa, ya kuma sake shi ya tafi. Tsintsiya ɗaya ba ta shara, gaskiya ne. Amma hafsa ɗaya mai gaskiya da aka ba caji ofis yana iya hana duka a ɗakin tsare mutane na wannan ofis muddin yana wurin, kuma ga wanda ke cikin ɗakin, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Kai ma kana da rabo a gyaran. Mai miƙa kuɗi a shingen hanya domin takardun motarsa sun ƙare, shi da mai karɓa tare suka yi cinikin. Yaranmu suna zaune a bayan mota suna kallonmu.

MAGANA GA YARON

Ɗana, kai kuma ga tambayoyi huɗu. Ka amsa su tsakaninka da Allah kafin ka cika takarda.

Me kake so a aikin nan? Idan kaki ne da jiniya da ganin mutane suna kaucewa, ka nemi wani aiki, gama za ka zama abin da mahaifinka yake tsoro.

Yaya kake da fushi? Wanda yake marin ƙannensa a kan ƙaramin abu, kada a ba shi bindiga.

Yaya kake da kuɗin da ba naka ba? Sa'ad da mahaifiyarka ta aike ka kasuwa, canji yana komowa daidai? A jarrabawa kana leƙen takardar wani? Wanda ya ci jarrabawa da satar amsa ya riga ya fara aikin da zai kama waɗansu a kansa.

Kana iya zama kai kaɗai a kan gaskiya, abokai suna yi maka dariya? Idan ba ka taɓa yi a makaranta ba, ka fara gwadawa tun yanzu.

Ka kuma je ka durƙusa ka ba mahaifinka haƙuri a kan shirun mako ukun nan, ko kana ganin kai ne da gaskiya. Mai son ya tsare doka a gari, ya fara da ladabi a gida.

ABIN DA ZA KI YI

'Yar'uwa, ga shawarata a jere. Ki nemi lokacin da maigida ya huta, ki ba shi wannan shafi ya karanta da kansa, kada ki tsaya a kansa. Ku nemi tsohon ɗan sanda ko gandiroba mai sunan kirki a ekklesiyarku ko a garinku, ku gayyace shi cin tuwo, uba da ɗa su yi masa tambaya, ya faɗa musu daɗi da wuyar aikin. Gani ya kori ji, saboda haka a lokacin hutu yaron ya je kotun majistare ya zauna a bencin jama'a kwana biyu ko uku, ya ga yadda ake kawo mutane da yadda ɗan sanda yake ba da shaida. Ƙofar kotu a buɗe take ga kowa. Ya bi masu ziyarar gidan yari na ekklesiya ko sau ɗaya. Idan ya komo zuciyarsa ta yi sanyi da abin, kun huta. Idan ya komo da ƙarin himma, to, ku san ba sha'awar yara ba ce.

Wajen cika takarda kuma, ku dubi shelar Wudil ta wannan shekara da idonku, gama ƙa'idodi sukan sake. Ku sa wata jami'a a zaɓi na biyu domin kada shekara ta tafi a banza. Idan jami'ar waje zai tafi, ya koyi kwamfuta sosai tare da digirinsa, gama ɓarayin yanzu da yawa ta waya suke shiga aljihun mutane.

Ga iyaye masu 'ya'ya mata, maganar nan duka ta shafe ku. Tun 1955 ake ɗaukar mata a aikin ɗan sanda a ƙasar nan. Yarinyar da aka ci zarafinta, da matar da aka yi wa duka a gida, sau da yawa ba su iya buɗe baki a gaban namiji. Suna bukatar mace mai ilmi da za ta saurare su, ta rubuta maganarsu daidai.

Maigadin nan namu ya rasu shekaru kaɗan bayan abin da ya same shi. Hannunsa bai koma daidai ba har ya bar duniya. Mun biya masa kuɗin magani, mun roƙi gafararsa, ya kuwa yafe. Sa'ad da na karanta wasiƙarki shi ne ya fara zuwa mini a rai.

Ki sake rubuto mana ki faɗa mana yadda kuka ƙare. Masu karatu kuma, musamman ku da kuka yi aikin kaki ko kuke cikinsa, ku aiko da naku ra'ayi, za mu buga waɗansu. A wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu dubi karatun aikin jinya da ungozoma.

Ku huta lafiya.